Malaminmu na kiɗa zai ajiye aiki, allon yabo kaɗai ya isa?

Ɗan Layin Baya:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa nan ina karatu ban taɓa tofa komai ba, yau dai magana ta zo kaina.

Malamin da ya koya mana kiɗa a sakandare zai yi ritaya ƙarshen zangon nan, bayan shekara 34 a makaranta ɗaya, a ɗaki ɗaya. Shi ya riƙe badujalar makarantar tun kafin a haifi wasu daga cikin yaran da yake koyarwa yanzu. Ni tuba na busa a hannunsa, ƙaton ƙahon nan da ake ɗora wa duk yaron da aka ga yana da jiki, a tura shi can layin baya. Ban zama makaɗi ba, gyaran injina nake yi. Amma har gobe idan inji yana aiki kunnena ne yake fara gaya mini inda matsala take kafin in ɗauki sifana, kuma na san a ɗakin wa aka wasa kunnen nan.

Ban taɓa ganin Malam da sandar jagora ba. An ce ta karye tun kafin zuwanmu, bai sake sayen wata ba. Da fensir yake kaɗa mu, fensirin da yake gyara mana takarda da shi. Wata rana ina da dogon shiru a tsakiyar wani kiɗa, gaɓa 32 ba busa, na ƙosa na shigo kafin lokaci da bugu ɗaya tak. Ya tsayar da mutum arba'in. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi kowa ya ajiye kayansa a cinya, mu ƙirga gaɓa 32 ɗin nan tare, a zuci, ba mai motsi. Da muka kai ƙarshe ya ɗaga fensir ya nuna ni, na busa sauti ɗaya ni kaɗai. Ya ce, to, yanzu ka zo a lokacinka. Ban sake yin wannan kuskuren ba.

Mun kafa kwamiti na tsofaffin ɗalibai. Abin da aka tsayar zuwa yanzu: allon yabo mai sunansa, agogon bango, da jawabai daga mutum biyar. Ni abin bai kwanta mini ba, na kasa faɗin dalili a taro, sai aka ɗauka rowa ce ko son gardama. Abin da ke cina shi ne, mawaƙi yana da faifai, marubucin kiɗa yana da takarda mai sunansa, shi kuwa Malam duk aikinsa yana cikin hannuwa da huhun wasu mutane da suka watse cikin duniya. Ba abin da zai ɗaga ya ce ga nawa.

Waɗanda suka taɓa shirya irin wannan, me kuka yi? Kuma in mun tara tsofaffin ɗalibai su yi kiɗa, shi zai jagoranta ko mu zaunar da shi ya kalla? Kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai yanzu.

Tsohuwar Malama:

Wa alaikumus salam, ɗana. Damuwarka a kan hanya take, kada ka bari su sa ka ji kunya.

Na koyar da waƙar rukuni da fiyano har na ajiye aiki. Alluna uku aka ba ni. Ɗaya yana kan kabad, biyu ban san inda suke ba tun da muka tashi daga tsohon gida. Abin da nake buɗewa in dare ya yi tsawo shi ne wata jakar takarda mai wasiƙu goma sha huɗu. Kuma a cikinsu ma ba masu cewa "kin canja rayuwata" nake komawa ba, wannan kowa zai iya rubuta wa kowa. Akwai wata yarinya da ta rubuta cewa ranar da muryarta ta shaƙe a gaban jama'a na ƙara ƙarfin fiyano na rufe ta har ta dawo hayyacinta, kuma ta san da gangan na yi. Wallahi na manta da ranar. Ashe an gani. To irin labarin fensirinka ɗin nan, shi za ka sa kowa ya rubuta nasa. A hana su yabo, a ce rana ɗaya kawai ake so, da abin da ya faru a cikinta.

Kuma kada ka ɗauka malaminku kaɗai aka manta. An fara ba da kyautar Grammy a Amurka a 1959, amma sai a 2014 suka ware lamba ta malamin kiɗa na makaranta. Wanda ya fara samu, Kent Knappenberger, malamin makarantar gwamnati ne a wani ƙaramin gari a jihar New York. Shekara 55 ana karrama 'ya'yan itace ba a waiwayi saiwa ba.

Ka san Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho na Amurka? A jajibirin sabuwar shekara, ƙarshen 1912, yana ɗan shekara 11, aka kama shi ya harba bindiga sama a New Orleans, aka kai shi gidan horon yara. A can wani malami, Peter Davis, ya riƙe shi, ya koya masa busa, har ya zama jagoran 'yan badujalar gidan. Duniya ta san Armstrong, mutum nawa suka san Davis? Sai a 1965 aka haɗa su a wani shirin talabijin, dattijon ya ga abin da ya shuka. Allah ya sa yana da rai a lokacin. Da yawa ba su kai ba.

Wadda nake yawan tunawa ita ce Nadia Boulanger ta Faransa. An haife ta a 1887, ta rasu a 1979, kusan har ƙarshe tana koyarwa, ido ya tafi, kunne ya yi rauni. Manyan marubutan kiɗa irin su Aaron Copland, Philip Glass, Quincy Jones, duk sun zauna a gabanta. Astor Piazzolla ya zo mata daga Ajantina a 1954 da tarin kiɗan da ya rubuta irin na Turai, yana ɓoye cewa shi makaɗin tango ne a gidajen rawa, don yana ganin abin kunya ne. Ta matsa masa har ya kaɗa mata tangonsa, ta nuna masa cewa nan ne ainihinsa yake, ya daina gudun kansa. Ya koma gida ya sauya tango gaba ɗaya. Wane allo za a rubuta wannan a kai? Abin da ya sa muka san labarin shi ne Piazzolla bai gaji da faɗinsa ba har ya mutu. Ɗalibi ne yake riƙe sunan malami, ba katako ba.

Ma'ajin Dole:

Mama ta yi maganar zuciya, bari ni in yi maganar aljihu, tunda duk kwamitin da na shiga ni ake maƙala wa jaka.

Kafin ku kashe ko sisi a kan zaure da lasifika, ku aika mutum ɗaya mai hankali ya zauna da iyalinsa, ba shi ba, domin irin waɗannan dattawan ba sa faɗi. A tambaya: kuɗin sallamarsa sun fito? Akwai magani da yake saye duk wata? Sannan kunnensa. Masana lafiyar wurin aiki suna sa iyakar ƙarar sauti a wajen desibel 85 na awa takwas, ƙaho kuwa in kana tsaye a bakinsa yana haura 100. Mutumin da ya yi shekara 34 a gaban ƙahoni da ganguna a rufaffen ɗaki, da wuya a ce kunnensa bai taɓu ba. Mu namu malamin sai bayan biki muka gane bai ji rabin jawaban da aka yi ba, murmushi kawai yake yana gyaɗa kai. Kuɗin da muka kashe a kan ado da sun kai shi asibitin kunne an sa masa na'ura. Har yau abin yana cina.

Verdi, mai rubuta wasan waƙa na Italiya, ya fahimci wannan. Da ya tsufa ya yi kuɗi, gida ya gina a Milan don mawaƙa da makaɗan da suka tsufa ba su da komai, ya bar masa kuɗin haƙƙin ayyukansa. Ya rasu a 1901, aka buɗe gidan a 1902, a can aka binne shi da matarsa, kuma gidan yana aiki har yanzu. Mutumin da ya rubuta abin da ya rubuta, wannan gidan yake kira aikinsa mafi kyau. Daga baya ma suka fara saukar da ɗaliban kiɗa matasa a ciki, suna cin abinci tebur ɗaya da tsofaffin.

Japan kuma dokar kare al'adu suka yi a 1950, daga 1955 suka fara ayyana gwanayen kiɗa da wasa da sana'ar hannu a matsayin taskar ƙasa mai rai. Ba takarda kaɗai ba ce, ana ba mutum yen miliyan 2 duk shekara, kuma ana sa ran zai horar da magada. Ku lura da dabarar: an girmama shi, an taimake shi, kuma ba a sallame shi ba.

A nan nake so ku tsaya. In za ku iya, ku haɗa abin da zai biya shi ya riƙa zuwa rana ɗaya a mako yana koya wa masu farawa. Sadaka zai ƙi karɓa. Ladan aiki ba zai ƙi ba.

Ɗan Layin Baya:

Yallaɓai Ma'aji, ka taɓo inda ban yi tunani ba. Yanzu na tuna zuwana na ƙarshe, yana ta juyo mini da kunnen hagu in ina magana. Na ɗauka ɗabi'a ce.

Mai Goge na Biyu:

Ni a kan tambayarka ta biyu zan tsaya, domin na yi shekaru ina zaune a cikin tawagar makaɗa ina kallon hannun jagorori, nagari da na banza.

Hanya biyu ce, kowacce da masu bin ta. A bikin karramawa na Cibiyar Kennedy a Washington, wanda aka fara a 1978, wanda ake karramawa zama yake a sama yana kallo, wasu ne suke hawa dandamali su yi masa aikinsa. Marian Anderson da Arthur Rubinstein suna cikin rukunin farko. Wannan ya dace da mawaƙi ko mai fiyano, wanda in murya ta dushe ko yatsu sun sandare ba ka so ka tsayar da shi gaban jama'a.

Jagora daban ne. Kayan kiɗansa mutane ne. In kun zaunar da shi, wani ya tsaya a wurinsa yana kaɗa yaransa, kun nuna masa da idonsa cewa an maye gurbinsa. Shi ya sa manyan tawagogi suke ba tsohon jagora muƙamin girmamawa maimakon sallama. Da Leonard Bernstein ya sauka daga shugabancin tawagar New York a 1969, muƙamin jagora na har abada suka ba shi, ya ci gaba da dawowa yana kaɗa su.

Maganar kafaɗa kuwa ba matsala ba ce kamar yadda kake tsoro. Otto Klemperer a zaune ya yi jagoranci a shekarunsa na ƙarshe. Herbert Blomstedt, haihuwar 1927, ya haura 90 yana yi, daga baya a kan kujera. Mu da muke ciki mun sani, ba ɗaga hannu sama muke bi ba. Numfashin da yake ja kafin bugun farko muke bi, da gira, da inda ido ya sauka. Mutanen da suka tashi a hannunsa ko yatsa ya motsa za su gane.

Amma ku yi hattara da tsawo. Toscanini, babban jagora ɗan Italiya, yana da shekara 87 a wasansa na ƙarshe, Afrilun 1954, ana watsawa kai tsaye a rediyo, tunaninsa ya ɗauke na ɗan lokaci a tsakiyar kiɗa, hannunsa ya tsaya. Bai sake jagoranci a gaban jama'a ba. Bernstein ma a wasansa na ƙarshe, Agustan 1990 a Tanglewood ta Amurka, tari ya sarƙe shi a tsakiya, da kyar ya kai ƙarshe, bayan wata biyu ya rasu. Abin da ke taɓa ni a labarin, wasan na tunawa da malaminsa ne, Serge Koussevitzky, wanda Bernstein yake sa maɓallan hannun rigarsa duk lokacin da zai hau dandamali.

Saboda haka shawarata: wani ya ja ragamar shirin duka, a bar wa Malam kiɗa ɗaya, na ƙarshe, gajere, wanda ya kaɗa sau ɗari, wanda ko barci yake zai iya. A ajiye kujera mai tsawo a kusa ba tare da an yi sanarwa ba. In ya so ya zauna, in ya so ya tsaya. Kuma a gaya masa tun da wuri. Na tsani a yi wa jagora ba-zata. Mutum ne da ya rayu a kan shiri, zai so ya duba takardarsa, zai so atisaye, kuma ku yarda da ni, atisayen nan zai fi masa daɗi a kan bikin. A nan ne zai tsayar da ku ya ce ƙahoni sun yi gaggawa, ya ji shi ne dai.

Da jagora Claudio Abbado ya rasu a Janairun 2014, a gidan wasa na La Scala da ke Milan aka kaɗa masa kiɗan makoki a zaure babu kowa, ƙofofi a buɗe, jama'a cike da fili a waje suna saurare. Bayan 'yan watanni tawagarsa ta Lucerne a Suwizalan ta yi kiɗa babu kowa a wurin tsayuwar jagora. Na kalla, na yi kuka. Amma shi bai ji ko ɗaya ba. Ku naku yana nan.

Mai Gardama:

Ku yi haƙuri in ɓata muku kiɗa. Duk wanda ya yi magana a nan wanda malami ya yi wa daɗi ne. Ni nawa malamin gwani ne, ba musu, amma ya kore ni daga rukuni a gaban kowa ya ce kunnena na katako ne. Shekara 20 ban buɗe baki na yi waƙa ba ko a banɗaki. In aka zo ritayarsa aka ce in rubuta wasiƙa, me zan rubuta? A taron karramawa kowa waliyyi ne. Ba ina cewa naku haka yake ba, ina cewa in kun aika gayyata wani ya yi shiru, ku ƙyale shi, kada a bi shi da waya ana cewa ya yi butulci.

Tsohuwar Malama:

Gaskiyarka, ɗana, kuma ba zan kare abin da aka yi maka ba. Ni ma akwai yara biyu ko uku da na san na karya, tun ina sabuwa ina ganin tsanani shi ne ƙwarewa. Ɗaya ta dawo bayan shekaru ta faɗa mini a fuskata. Ban ji daɗi ba a ranar, amma na ba ta haƙuri, kuma na gode da ba ta bari na mutu ban sani ba. Babu kunnen katako. Akwai yaron da ba a ba shi lokaci ba.

Ɗan Layin Baya, na manta abu ɗaya. Ka ce ba shi da takarda mai sunansa. Ka tabbata? Je ka buɗe kabad ɗin ɗakin nan. Malamin badujalar makaranta ba ya samun yaran da kiɗa yake buƙata, da yaran da Allah ya ba shi yake aiki. Bana ƙahoni sun yi yawa, baɗi babu mai sarewa ko ɗaya. Dole ya zauna ya sake rarraba kiɗan da hannunsa, ya sauƙaƙa wa mai rauni, ya ƙara wa mai ƙarfi. Wannan rubutu ne, kuma nasa ne. Sabon malami yana zuwa, abu na farko da zai yi shi ne share kabad.

Ɗan Layin Baya:

Na gode muku duka. Ga inda aka kwana.

Mama, na je ranar Asabar. Kwali bakwai ne. Wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwa ya taɓa. Duk rubutun hannu, da fensir. A saman kowace takarda ba sunan kayan kiɗa kaɗai ya sa ba, har da sunan yaron da ya rubuta wa ita da shekarar. Na tono har na sami tawa. A wurin gaɓa 32 ɗin nan ya zana ɗan ƙaramin ido, a ƙasa ya rubuta "ka kalle ni". Na zauna a ƙasan ɗakin na daɗe ban tashi ba, har mai gadi ya leƙo.

Mun kwashe su da izinin makaranta. Mutum uku suna ɗaukar hotonsu shafi-shafi, za a ɗaure a yi kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na makaranta, sunansa a bango. Jawabai sun koma biyu, minti uku-uku, bayan an kai ruwa rana da wanda aka cire. Agogo ya tafi. Allo ya tsaya, domin shugaban kwamiti ya riga ya ba da aikinsa, ban ga amfanin faɗa ba. 'Yarsa ta ce za ta kai shi a duba kunnen, amma kada mu bari ya san daga wajenmu ne. Maganar rana ɗaya a mako tana gaban makaranta.

Mai Gardama, mun aika wa mutum 120, mutum 46 sun amsa. Ba mu bi kowa ba.

Na gaya wa Malam da bakina kamar yadda Mai Goge ya ce. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni tuba nawa za a samu. Na ce ni kaɗai ne zuwa yanzu. Ya ce yaushe rabona da busa. Na ce shekara 19. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in zo Laraba da yamma, ni kaɗai, kafin sauran su fara zuwa, kuma in fara busa dogon sauti minti goma kullum daga yau.

Wanda ya san yadda ake kwance bawul ɗin tuba da ya daɗe a maƙale ba tare da an lanƙwasa shi ba, don Allah ya taimaka. Na gwada mai, na biyun ya ƙi motsi, kuma ina tsoron sa masa ƙarfin da nake sa wa injina.